Ranar da Aka Kwantar da Baba Hanya a Bargo

Shekara talatin da shida Baba Hanya ya yi yana tura gadon marasa lafiya a babban asibiti. Daga ƙofar gaggawa zuwa ɗakin hoto, daga ɗakin hoto zuwa tiyata, wanda kwanansa ya ƙare kuma a bi da shi ta ƙofar baya. Sunan ma a nan ya samo shi. In ya taho da gado a dogon barandan nan mai warin maganin goge ƙasa, tun daga nesa za ka ji "Hanya! Hanya!" Likita ne ko mai shara, sai ya manne da bango. Har 'ya'yan cikinsa in aka tambaye su sunan ubansu na yanka sai sun ɗan yi tunani.

Dogo ne siriri, hannuwa kamar an yi musu ƙari. Ba ya hira a bakin aiki, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa a zaune. Shayinsa ma a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a kan birkin tayar gado. Mutane suna cewa ƙwazo ne. Ƙwazon yana nan, amma gaskiyar magana tun makonsa na farko wata nas ta same shi a kan benci, ta wanke shi tas a gaban jama'a, shi kuwa irin mutanen nan ne da faɗa ɗaya ke isarsu har tsufa. Nas ɗin ita ce daga baya ta zama Sista Babba, uwar ɗakunan asibitin gaba ɗaya, kusan tare suka ajiye aiki.

Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango. Shekara biyu bayan nan matarsa ta rasu, ya rage shi kaɗai a ɗaki da falo, can hawa na uku na wani tsohon bene, matakala hamsin da biyu daga ƙasa. Ba wani abin kirki a ɗakin: gado, rediyo, kujerar marigayiya da ba ya bari kowa ya zauna a kai, da gwangwanaye biyu a bakin taga da ya shuka barkono a ciki. Tagar tana kallon layin masu walda, daga safe zuwa yamma ƙara da tartsatsi. Amma nasa ne. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa.

'Yarsa Auta ce matsalarsa, ko kuwa shi ne matsalarta, ya danganta da wanda ka tambaya. Tana da miji da 'ya'ya uku da mota da gida a ƙasa, ba hawa ko ɗaya. Wata rana ta zo masa da cefane ta same shi a hawa na biyu, riƙe da ƙarfen matakala yana haki.

"Baba, me kake yi a nan?"

"Makulli nake nema."

"Wanda ke hannunka?"

"To ai kin ga na same shi."

Daga ranar ta ɗauki waƙa ɗaya. Ta kwashe buhunan da ke ɗakin kusa da kicin ɗinta, ta sa aka yi fenti, ta sayo katifa mai tauri har da labule mai furanni. In ya je ganin jikoki sai ta bar ƙofar ɗakin a buɗe, kamar mai tallan abin da ba a taya ba. Shi kuwa ya san abin da ke biye da fentin: a karɓe maka makulli, a rage maka sukari, a riƙa magana a kanka kana wurin, "ya ci?", "ya sha?" Shekara talatin da shida yana jin yadda ake magana a kan mutum ta saman kansa.

Ana cikin haka ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan asibiti ta shirya yawon buɗe ido. Kwana huɗu a hanya, da bas ta haya da tantuna, a ga wurare, a kwana a daji, rana ta uku a hau wani dutse da ake zuwa kallo. Tsufa ne kawai, in bai sa ka a ɗaki ba sai ya sa ka a mota. Baba Hanya ya ba da sunansa tun kafin a gama karanta sanarwar.

Auta ta ce, "Dutse? Kai da matakala ke kayarwa?"

"Matakala ba ta taɓa kayar da ni ba. Gaisawa muke yi."

"Baba, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka. Ji nan. In na hau dutsen nan na sauko da ƙafata, ki mayar da buhunanki ɗakinsu, kada in sake jin maganar. In kuwa sauko da ni aka yi, ki zo da motar kaya."

"Da bakinka ka faɗa."

"Da na wa zan faɗa?"

Ta ce to sai ta gani da idonta, ta ɗauki hutu ta bi su. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mata: ranar hawa ta tsaya a gindin dutse, kada ta bi shi a baya kamar kaza da ɗanta.

Su ashirin da ɗaya suka tashi. Wanda ya ja bas ɗin tsohon direban motar asibiti ne, kowa Direba yake kiransa, kuma har yau bai yarda cewa motoci ba sa ba shi hanya ba. Duk mararrabar da suka zo sai ya kai hannu neman jiniyar da babu, ya danna kai, tsofaffi na salati a baya. Kusa da shi Sista Babba ce zaune da takardar sunaye. Kujera biyu ta baya kuwa Mai Magani ne ya cike su, wani ƙato mai tumbi da ya yi shekarunsa a bayan tagar ba da magani, jakar ƙwayoyinsa ta fi ta abincin tafiyar girma.

Yawon buɗe ido da mutanen asibiti sai mai haƙuri. An kai su inda ruwa ke zubowa daga kan dutse fari fat, jama'a na ta ɗaukar hoto, Sista ta leƙa ta ce, "Tsutsar ciki zalla. Kada wanda ya sa ƙafa." An shiga wani kogo mai sanyi, Mai Magani ya shaƙi iska sau ɗaya ya ce wurin tari ne, aka fito. A kan wata tsohuwar gada mai tsawo, maimakon su kalli kogi, sai suka tsaya gardamar wane ƙashi ne zai fara karyewa in mutum ya faɗo. Da yamma in an kafa tantuna Sista ta raba su, ɗakin maza hagu, ɗakin mata dama, da safe ƙarfe shida ta zaga tana duba yadda aka ninke barguna. Ba wanda ya ce mata an yi ritaya. Wa zai fara?

Baba Hanya kuwa aiki ya sa a gaba duk hanya. Shi ke sauke tantuna daga saman bas, shi ke ɗora su. Auta na kallonsa ta wutsiyar ido, shi kuma yana sane.

Rana ta uku da hantsi mutum tara suka kama hanyar dutse, sauran suka tsaya da Auta wajen tukunya. Hanyar siririya ce, tana lanƙwasa tsakanin duwatsu da gajerun itatuwa, wani wurin sai an dafa. Baba Hanya na can ƙarshen layi, don a bayan gado ya saba tafiya. Gwiwarsa ta dama ta fara yi masa magana tun a rabin hanya, ya yi mata kunnen uwar shegu. Kafin rana ta take sun kai kan dutsen. Ya hau. Da ƙafarsa ya hau, ba wanda ya miƙa masa ko ɗan yatsa.

Sauran suka zube a inuwa suna neman ruwa. Shi ya ɗan matsa gaba, inda dutsen ya yanke, ya leƙa. Ga ƙasa can a shimfiɗe, gonaki kamar ƙyallayen tela, hanyar da suka biyo kamar zare, bas ɗinsu kamar akwatin ashana. Sai ga shirwa tana shawagi, ba a samansa ba, a ƙarƙashinsa. Shekara sittin da takwas yana ganin cikin shirwa, bai taɓa ganin bayanta ba. Ashe ja-ja ne, da wani layi mai haske a kan fiffike. Ya ga ba abin da za a kalla a tsaye ba ne. Ya nemi wani faffaɗan dutse ya zauna, ya miƙe ƙafa. Iska na bugun idonsa har ya kawo ruwa.

Mai Magani ne ya fara hango shi. Ya ajiye gorar ruwa.

"Sista. Hanya ya zauna."

"Wa?"

"Hanya. A ƙasa."

Da an ce musu dutsen ne ya tsage da ba su tashi da wannan saurin ba. Kafin ya waiwaya mutum takwas sun kewaye shi, wata ta kama wuyan hannunsa, wani yana ɓalle masa maɓallin riga.

"Lafiyata ƙalau," in ji shi.

"Kowa haka yake cewa," in ji Sista. "Me ya zaunar da kai?"

"Shirwa nake kallo."

Suka ɗaga kai sama gaba ɗaya. Ba ko tsuntsu.

"A ƙasa take," ya ce, yana nuna ramin. Shirwar kuwa ta riga ta kama gabanta.

Sista ta kalli Mai Magani, Mai Magani ya kalli Sista. Sista ta ce, "Ya fara ganin abubuwa. Ga hawaye kuma. Hanya, dube ni. Yau nawa ga wata?"

Ina ɗan fansho ya san nawa ga wata? Ya shiga lissafi. Direba ya ce shi ma bai sani ba, aka ce ya rufe baki, ba shi ake dubawa ba. Aka ɗaura masa abin awon jini. Tsohon da ya hau dutse yanzun nan, mutum takwas na numfashi a kansa, ta yaya jininsa ba zai hau ba? Sista ta ga lambar ta tamke fuska. Nan da nan aka zare ƙarafan rumfar da suka zo da ita don inuwa, aka naɗe su da bargo, ga gado ya samu. Hannayensu sun san aikin, ko minti uku ba a yi ba.

Ya miƙe tsaye don su gani. "Ku dube ni. Da ƙafata zan sauka. Akwai magana tsakanina da 'yata, kun sani."

"Hanya!" Sista ta daka masa tsawa da muryar nan ta baranda. "Kwanta!"

Abin kunya, abin dariya: ya kwanta. Kansa bai yarda ba, jikinsa ne ya riga shi. Shekara talatin da shida muryar nan na cewa tura ya tura, tsaya ya tsaya, yau ta ce kwanta. Sai da ya ga sama a kan fuskarsa ya gane abin da ya yi, lokacin kuwa an riga an ɗaga.

Direba a gaba, Mai Magani a baya, wasu biyu a gefe. Yana kwance yana ganin ƙasan haɓarsu da ramukan hancinsu, yana jin suna magana ta saman kansa. "Ya ci abinci da safe?" "Kaɗan ya ci." Ya tuna labule mai furanni. Amma abin da ya fi ci masa rai a wannan lokacin ba labulen ba ne. Ɗaukar ce. Ba su iya ba. Sun juya kansa ƙasa a gangara, kuma ƙafa ɗaya suke jefawa tare kamar sojoji, bargon na lilo da shi hagu da dama.

Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Kai Direba, jakin wa kuke ɗauka haka? A gangara ƙafa ce ke gaba, kai a sama. Ku juya ni."

"Mara lafiya ba ya ba da oda."

"Mara lafiyar da kuka ɗauko haka ai sai dai gawarsa ta isa. Ku juya ni, na ce. Kai kuma mai tumbi, in na gaba ya jefa dama kai ka jefa hagu. Shekara nawa kana kallona ta taga ba ka koyi komai ba?"

Suka juya shi. Lilo ya ragu. Sista na tafe a gefe, ta ɗan kalle shi, don mutumin da hankalinsa ya gushe ba ya zagi a tsare haka. Amma ba ta sa an sauke shi ba. Babba ba ya janye magana a tsakiyar hanya.

Sun ci kamar kashi ɗaya cikin uku na gangarar, Mai Magani na huci kamar tsohuwar mota, gumi har cikin ido. Ya taka wani dutse mai santsi, ƙafar ta turguɗe, ya tafi gaba ɗayansa. Gadon ya dira a ƙasa, Baba Hanya ya mirgina cikin ciyawa ya tashi yana kakkaɓe riga. Mai Magani kuwa bai tashi ba. Idon sawunsa kafin a cire takalmi ya kumbura ya yi kamar burodi, ko dafa ƙasa ba ya iya yi.

Yanzu ga mara lafiya na gaske, mai nauyin mutum biyu, ga gado ɗaya. Sista ta dubi mutanenta: mata biyu, tsofaffi biyun gefe da suka gaji tiɓis, wani mai ciwon baya, da Direba. Ta dubi Baba Hanya da ke tsaye ya riga ya naɗe hannun riga. Ba ta ce yi haƙuri ba, irinta ba sa faɗa.

"Hanya, kama."

Ya kama gaba, don a gangara nauyin can yake taruwa, ya san ba wanda zai iya sai shi. Direba ya koma baya. Suka ɗaga, Mai Magani na nishi yana kiran sunayen magungunan da za a ba shi.

"Rufe mana baki," in ji Direba. "Da ka riƙa shan na rage tumbi da ba mu ga haka ba."

Tafiya ta yi kyau, sannu a hankali, ba lilo ba girgiza. Sai da suka zo wani ɗan rafi kusa da gindin dutsen, inda sai an yi dogon taku. Baba Hanya ya taka, nauyin duka ya sauka a gwiwar dama, ya ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Wuta ta taso masa har ƙugu. Bai saki ba. Bai taɓa yar da mara lafiya ba, ba kuwa a kan Mai Magani zai fara ba. Ya cije, ya jefa ɗaya ƙafar.

Auta na tsaye da ludayi a hannu sa'ad da ta hango gado na fitowa daga cikin itatuwa. Ludayin ya faɗi. Ta ruga, tana zuwa ta ga ubanta a gaba, jijiyoyin wuya a tashe, ƙato kwance a bayansa. Ta tsaya cak.

"Matsa mana, Auta," ya ce. "Kin tare hanya."

Ba wanda ya gaya mata abin da ya faru a sama. Direba ya buɗe baki sau ɗaya, Sista ta kalle shi, ya rufe. Kafin magariba ta shiga tantin maza da sunan duba Mai Magani, ta tarar da Baba Hanya ya ja wando sama yana kallon gwiwar da ta zama kamar ƙwarya. Ta durƙusa, ta latsa, ta naɗe ta da bandeji tam.

"Wannan sai an yi hoto."

"Za a yi. Ni zan kai kaina."

"'Yarka fa?"

"Ke kika kwantar da ni, Sista. Ki rufa min asiri."

Ta ɗaure bakin bandejin. "Sa dogon wando gobe," ta ce, ta fita.

Washegari da la'asar bas ta sauke su a bakin asibiti, Auta ta ɗauke shi a motarta zuwa gida. Ta tsaya a gaban benen, masu walda na ta aikinsu. Ta ce za ta hau masa da jaka, ya ce jakar da ya kai daji ya dawo da ita ba ta fi ƙarfinsa a ƙofar gida ba.

"Buhunan fa?" ya tambaya.

"Gobe zan mayar da su."

Ya fita ya miƙe kamar sanda. Matakala goma sha ɗaya na farko ana ganinsu daga titi. Ya hau su ɗaya bayan ɗaya, ko ƙarfen bai taɓa ba. Yana shan kwana, inda bango ya kare shi, ya zube a kan matakala, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da ya huta sai ya juya baya, ya dafa hannu biyu, ya ja jikinsa zuwa ta sama, ya jawo jakar, ya sake dafawa. A hawa na biyu matar tela ta buɗe ƙofa da kwandon shara ta gan shi.

"Baba Hanya! Lafiya? In kira wani?"

"Kira wa? Wuce da shararki. Sabon hawa na koyo a dutse."

Hawan da yake yi a minti huɗu, ranar sai da ya ci minti arba'in. Ya buɗe ƙofa, ya dafa bango har bakin taga don ya ga ko barkonon ya bushe. Da ya leƙa, motar Auta na nan inda ya bar ta, ita tana ciki, ta ɗago kai tana kallon tagar. Tun ɗazu take zaune, kuma ta iya duba agogo. Ya ɗaga mata hannu. Ta daɗe tana kallonsa, hannunta a kan marfin mota, kamar za ta fito. Sai ta saki marfin, ta tayar da mota ta tafi.

Ya jawo kujera bakin taga, ya ɗora ƙafar a kan bokiti, ya zuba wa barkonon ruwa daga zaune.